Mai Huffi a Sahun Gaba

An yi wani mutum a cikinmu, mu 'yan Bosniya da yaƙi ya watso nan Amurka. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi garin ba, don haka masu raɗa a sahun baya ku hutar da kanku. Abin da ban gani da idona ba, shi da bakinsa ya gaya mini, ya ce in faɗa wa jama'a amma in sakaya shi. Sauran kuwa ina wurin aka yi, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Direban tirela ne, kamar rabin mazan da ke zaune gabana. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne, ba a taɓa jin sa da matar wani ba. Yana riƙe da iyalinsa da kyau. Allah kuma ya ba shi hannu. Injin da ya gagari makanikai, in ya kasa kunne ya saurare shi sai ya ce ga inda ciwon yake, a buɗe kuma a tarar haka ne. To, daga nan nasa ciwon ya faro. An yaba hannunsa har ya ɗauka babu abin da ya fi ƙarfinsa a duniya. Maganarsa ɗaya ce a kan komai: "Wannan ai ba wani abu ba ne." Likita ya yi bayani, ba wani abu ba ne. Liman ya yi nasiha, ita ma ba wani abu ba ce.

Wata rana ya tsaya shan mai a hanyar Memphis, wasu samari suka tare shi da bindiga. Suka kwashe abin da ke aljihunsa, suka sa shi ya durƙusa a bayan motarsa, suka tafi suna dariya. Ba su taɓa lafiyarsa ba, amma durƙuson nan ya tsaya masa a rai. Yana dawowa ya nemi lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye a jiki, aka ba shi.

Ya 'yan uwa, har zuwa nan babu laifi. Dokar ƙasa ta yarda, addini bai hana mutum kare kansa ba, kuma na san a cikinku akwai masu irin lasisin nan a aljihu. Ba tsoro nake zargi ba. Wa ya isa ya zargi tsoro a cikin mutanen da suka ga abin da muka gani?

A kasuwar bindigogi da ake ci a babban zauren gari ya ga wata tsohuwar libarba, 'yar ƙarama mai gajeren baki, da ƙota ta itace wadda hannu ya goge har tana sheƙi. Ta shiga ransa, ya saya. Da ya gwada ta sai ya ji kunamarta da tauri, sai yatsa ya yi da gaske kafin ta tashi. Ya ɗauke ta ya kai shagon wata dattijuwa Ba'amurkiya mai suna Loretta, wadda ke sayar da bindigogi tana kuma koyar da harbi.

Ya ce, "Iya, so nake a sassauta mini kunamar nan, a kuma yanke ƙarfen da ya kewaye ta, don yatsa ya same ta da wuri."

Loretta ta juya libarbar a hannu, ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce, "Ɗana, taurin nan da kake ƙi shi ne makullinta, ba ta da wani. Ƙarfen nan kuwa shi ke hana tsumma ko maɓalli ya ja maka ita. In a jiki za ka riƙa ɗauka kullum, ga waɗanda aka ƙera don haka, kowace da kubenta. Zaɓi wadda ta zauna a hannunka, ka zo ran Asabar in koya maka. Wannan ka bar ta yadda maƙerinta ya yi ta."

Ya yi murmushin raini. "Ni fa injin tirela nake kwancewa in ɗaura. Wannan 'yar guntuwar ai ba wani abu ba ce."

Ta miƙa masa abarsa ta ce, "To, ba dai a shagona ba."

Kun ji fa. Hanya biyu aka shimfiɗa masa a kan teburi, ɗaya a share, ɗaya duk ƙaya. Me ya hana shi bin ta farko? Ba rashin hali ba ne. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ya zauna a aji wata tsohuwa ta koya masa ƙarfe.

Ya koma garejinsa ya ɗaure libarbar a kan benci, ya ɗauko magagari da zarto. Ya yanke abin da aka ce kada ya yanke, ya goge abin da aka ce kada ya goge, har kunama ta yi laushin da da ƙyar ka taɓa ta sai ta tashi. Da ya ga babu kuben kanti da zai zauna mata yanzu, sai ya yanko fatar tsohon takalminsa ya ɗinka mata gida, ya ɗaura a idon sawunsa na hagu, ƙarƙashin wando.

Yana cikin gwadawa matarsa Zumreta ta shigo da gahawa. Mace ce mai tsoron Allah, amma ba ta tauna magana. Ta ajiye faranti ta ce, "Maigida, wannan kuma fa? Matar shago ba ta ce ka bari ba?"

"Ke kuma me kika sani a ƙarfe? Je ki duba burek ɗinki, burodin naman nan da kika sa a tanda, kada ya ƙone."

"Burek in ya ƙone sai in gasa wani. Ƙafa fa?"

Ya daka mata tsawa ya ce in ya ji maganar nan a bakin matan unguwa, ta kuka da kanta. Ta ɗauki farantinta ta fita.

Yanzu bari in gaya muku halin masallacin garin nan. Tsohon kantin kayan ɗaki ne mutanenmu suka saya suka gyara da hannunsu, maza a ƙasa, mata a bene. Ladaninsa wani tsoho ne, Baffa Rifet. Shekarar da yaƙi ya ɓarke an kama shi da ƙannensa aka kai su sansanin fursuna, shi kaɗai ya fito. Bai taɓa ba da labarin ba, ba a kuma tambayarsa. Amma duk ranar bikin ƙasa da ake harba wasan wuta, 'yarsa takan rufe tagogi ta ƙure masa rediyo. Mutum ne mai fara'a, aljihunsa ba ya rabuwa da alewa, kuma muryarsa in ya kira salla sai ka ji kamar kana ƙauyenku.

Saboda shi da ire-irensa jama'a suka yi alkawari gaban liman, Malam Hasib, cewa makami ba zai ƙetare ƙofar masallaci ba. Mai bindiga ya kulle ta a mota. Da aka fara jin labarin ana kai wa wuraren ibada hari a wasu garuruwa, sai aka ce a zaɓi mutum biyu masu horo su riƙa tsayawa a waje ranar Juma'a da ranar Idi. Mutumin nan ya miƙe tsaye ya ce ga shi. Aka tambaye shi ko ya yi horo, ya ce shi horo ba ya buƙata. Aka zaɓi wani Nusret, wanda ya yi aikin soja a nan ƙasar, tare da wani abokinsa.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Nusret ƙanen bayansa ne a shekaru, shi ma ya koya wa Nusret tuƙi. Ya ce a zuciyarsa, ranar da ta ɓaci za su san wanda suka ƙi. Ya gaya mini cewa a doguwar hanya yakan yi ta saƙa abin a ransa: ga mugu ya shigo, ga kowa ya daskare, ga shi ya sunkuya ya zaro libarba, ga mutane sun kewaye shi suna sa albarka. Ya 'yan uwa, ku dubi inda Shaiɗan ya kai bawan Allah. Mutum yana fatan a kai wa masallacinsu hari don a yabe shi, kuma bai ma san fata yake yi ba.

Sai ya fara shiga masallaci da ita a ƙafa. Amma akwai matsala guda, ita ce alwala. Kun san wurin alwalarmu, mutum na zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗan uwansa, ya naɗe wando ya wanke ƙafa. Shi kuwa daga hanya yake zuwa, sau da yawa sai ya sake alwala. In ya naɗe wando, asiri ya tonu. Sai dabara ta zo masa. Ya aika aka kawo masa huffi daga can gida Bosniya, irin baƙar safar fatar nan mai zif da kakanninmu ke sawa a lokacin ƙanƙara. Ya sa tun daga gida, ya cusa bakin libarbar a wuyan huffin, in ya zo alwala sai ya jiƙa hannu ya shafa a sama ya miƙe.

Da sanyi ba wanda ya kula. Amma zafi ya zo, irin zafin nan da kwalta ke narkewa, mutuminku yana nan da huffinsa. Mutane suka fara magana. Wani ya ce sunna yake rayawa. Wani ya ce ai an ce ba ya rabuwa da alwala dare da rana. Tsofaffin mata suka fara ce wa 'ya'yansu su yi koyi da shi. Ya ji duk wannan, ya ce uffan? Bai ce ba. Sai ma ya sayi carbi mai tsawo, ya rage dariya, ya koyi tafiya a hankali. Ya ce mini yabon nan ya fi masa daɗi fiye da duk yabon da aka taɓa yi wa hannunsa.

Nusret ne kaɗai hankalinsa bai kwanta ba, don idon soja ba ya barin komai. Wata Juma'a ya ja shi gefe a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, kada ka ji haushi. Ƙafarka ta hagu ta fi ta dama kauri."

"Kumburi ne. Zaman mota."

"Kumburi mai kusurwa? Don Allah in da wani abu, ba ni in kulle maka a mota. Ba mai ji."

Ga ƙofar tuba an buɗe masa a ɓoye, ba mai gani, ba mai ji. Me ya yi? Ya ɗaga murya don na kusa su juyo, ya ce, "Wallahi tallahi babu komai a jikina! A ƙofar ɗakin Allah nake rantse maka. Ko sai na tuɓe ka gani, soja?"

Baffa Rifet yana kusa yana gyara takalma a kanta. Ya taso ya riƙe hannun mutumin ya ce, "Kai Nusret, ka ji kunya mana. Yayanka ne fa. Mutum ya rantse maka da Allah, me kuma kake nema?" Ya juya wajen mutumin ya ce, "Rabu da shi, ɗana, ƙuruciya ce. Daga yau wurinka kusa da ni ne." Ya ja shi har sahun gaba, bayan liman, ya zaunar da shi a gefensa. Nusret ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri a gaban mutane.

Aka yi azumi, aka ga wata. Da safiyar Sallah, Zumreta tana shirya farantin baklava, kayan zaƙinmu na Sallah, sai ta ga yana ɗaura abin a ƙafa. Ta ce, "Yau ma? Ranar Idi, masallaci cike da yara? Don darajar azumin da ka yi, ka bar ta a gida yau kaɗai."

Ya ce, "Ai yau ce ma ranar da ta fi." Ya ja zif ɗin huffi ya fita.

Masallaci ya cika maƙil. Kowa da sabuwar riga, ƙamshin turare ko'ina. Baffa Rifet ya yi ta jan kabbara da muryar nan tasa, muna amsawa. Aka tayar da salla. Ni ina sahu na uku. Muka yi raka'a ta farko, muka yi ta biyu, muka ɗago daga sujada ta ƙarshe za mu zauna tahiya. Kun san yadda ake zaman, mutum ya kwantar da ƙafar hagu ya zauna a kanta. Sahu ya matse, mutumin ya karkata don ya samu wuri, kuben da ya ɗinka ya zame, kan zif ɗin huffi ya shiga inda ƙarfen da ya yanke ya kamata ya tare. Ya saki nauyinsa a kai.

Ƙarar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, don a cikin shiru ta zo, kowa na karanta tahiya a zuci.

Ba wanda ya yi sallama. Wani ya yi ihu, "Sun zo!" Shi ke nan. Maza suka yi ƙofa, ƙofar gilashi ta tarwatse, aka bi ta kai babu takalmi, ƙafafu suka tsattsage, jini ko'ina a kan darduma. A bene mata suka yo matakala gaba ɗaya, wata tsohuwa ta faɗi aka bi ta kanta, ta karye a ƙugu. Uwaye na kiran sunayen 'ya'yansu. Malam Hasib ya kama lasifika yana cewa, "Ku tsaya! Wa ke da makami? Don Allah in na wani ne ya tashi bisa kuskure, ya faɗa!"

Mutumin yana tsaye gabansa, bai fi a miƙa hannu a taɓa shi ba. Harsashin ya fasa masa dunduniya ya shige katakon ƙasa, bai sami kowa ba. Kalma biyu ake nema a bakinsa: ni ne. Da ya faɗa, da an zauna, da an ɗaure masa ƙafa, da an yi masa faɗa an gama. Amma ya dubi Nusret da ya shigo da gudu yana neman maharin, ya tuna rantsuwarsa, sai ya ja wando ya rufe, ya shige cikin masu gudu yana ɗingishi. Masu ɗingishi da jini sun yi yawa ranar, ba wanda ya dube shi.

Maƙwabta sun riga sun buga waya cewa an kai hari masallaci. Kafin ka ce me, motocin 'yan sanda sun kewaye wurin. Ba na ganin laifinsu. An ce musu akwai mai kisa a ciki, ba su san fuskarsa ba, aikinsu suka yi. Suka ware mata da yara can bayan igiya. Mu maza aka ce da lasifika kowa ya kwanta rub da ciki a filin ajiye motoci, hannu a ƙeya, kada wanda ya motsa.

Muka kwanta da rigunanmu na Sallah a kan kwalta mai zafi, jere-jere, mutane masu bindiga na tafiya a tsakaninmu. Ya 'yan uwa, yaranmu da aka haifa a nan tsoro kawai suka ji. Amma akwai dattawa a filin nan da suka taɓa yin irin wannan kwanciya a wata ƙasa, kuma waɗanda suka kwanta kusa da su a wancan karo ba su tashi ba. Na ji manyan mutane masu jikoki suna kuka da murya.

Allah ya hukunta Baffa Rifet ya kwanta kafaɗa da kafaɗa da mutumin, ni kuma ina bayansu, ina jin komai. Tsohon ya fara magana da harshenmu, da wata irin murya siririya da ban san shi da ita ba. Yana faɗin sunansa da sunan ƙauyensu, yana cewa shi manomi ne, ba soja ba ne, a bar masa ƙannensa. Sai ya lura da mutumin a gefensa. Ya sauke hannu ɗaya daga ƙeya a hankali, ya lalubo hannunsa ya riƙe, ya raɗa masa, "Kada ka ji tsoro, ɗana. Sunkuyar da kai, kada ka dube su a ido. In sun kira suna, ni zan tashi."

Babban ɗan sanda ya sake tambaya da lasifika ko akwai mai makami a jikinsa. Mutumin yana jin hannun tsohon a cikin nasa, yana jin libarbar a ƙafarsa, ya yi shiru.

Ina tambayarku, me yake karewa a lokacin? Ransa? Ba wanda zai kashe shi. Iyalinsa? Suna can bayan igiya suna kuka. Sunansa yake karewa, sunan mai huffi na sahun gaba, sunan da ba nasa ba ne tun farko.

Daga can bayan igiya sai muka ji muryar mace ta keta filin. Zumreta ce. Ta kira shi da sunansa na yanka, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta ce, "Ka faɗa musu! Ka ji tsoron Allah ka faɗa musu! Dubi Baffa!" Da ta ga bai motsa ba, sai ta juya wajen 'yar sandan da ke riƙe da ita, ta nuna shi da yatsa ta ce da Turanci, "Mijina ne. Tana ƙafarsa ta hagu."

Suka zo suka danne shi, suka yaga wandon, suka ɗaga libarbar sama. Kowa ya gani. Sai da suka ɓamɓare yatsun Baffa Rifet daga hannunsa, tsohon yana roƙonsu su ƙyale yaron, su tafi da shi a madadinsa.

Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Muka tashi muna kakkaɓe riguna, kowa ya kasa duban ɗan uwansa. Maƙwabtan da muka yi shekaru muna nuna musu mu mutanen zaman lafiya ne suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo, masu ɗaukar hoto na gidan talabijin sun iso. Farantan baklava na nan a jere a kan teburi, rana ta narkar da su. Ba a yi huɗubar Idi ba a shekarar, ba a yi gaisuwar Sallah ba.

An kai shi asibiti, daga nan kotu. Aka karɓe lasisin, aka yanke masa hukunci. Dunduniyar ba ta koma daidai ba, ƙafar ba ta iya taka kulocin mota, tuƙi ya ƙare. Tsohuwar da ta karye ba ta sake tafiya da ƙafarta ba. Zumreta ba ta bar gidan ba, tana dafa masa abinci tana wanke masa ciwo, amma ya ce mini bai sake iya haɗa ido da ita ba. Malam Hasib ya aika masa cewa ƙofar masallaci a buɗe take ga mai tuba. Kunya ta hana shi zuwa. In ya hango ɗan Bosniya a kanti sai ya sauya layi.

Baffa Rifet kuwa bai sake kiran salla ba. Aka kai shi ƙofar masallaci ya ƙi fita daga mota. Yana zaune a ɗaki, labule a sauke, in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya ɗora hannu a ƙeya.

Da sanyi ya shigo, mutumin ya tattara ɗan ƙarfin halin da ya rage masa, ya roƙe ni in raka shi neman gafara. Muka je da hantsi. 'Yar Baffa ta buɗe ƙofa, ta dube shi ta daɗe, sannan ta kauce. Ya jingine sandarsa, ya durƙusa gaban tsohon, ya ce, "Baffa, ni ne. Bindigata ce ta tashi. Na rantse maka da Allah a kan ƙarya, ka tsaya mini, na bar ka a kwance ina ji ina gani. Ka yafe mini."

Tsohon ya ƙura masa ido. Can sai fuskarsa ta washe, ya kama kan mutumin da hannu biyu ya sumbaci goshinsa, hawaye na zuba. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Kai ma sun sake ka? Na ga sun tafi da kai, na ce shi ke nan. Sun doke ka a ƙafa ko? Ba komai, za ta warke. Ɗana, da kana ciki, ba ka ga ƙannena ba?"

Mutumin ya sake bayani, ya sake. Tsohon sai murna yake yi yana shafa masa kai, yana ce wa 'yarsa ta kawo wa fursuna abinci. Haka muka fito. A cikin mota ya kifa kai yana kuka kamar ransa zai fita, yana cewa, "Wa zai yafe mini yanzu? Wanda na zalunta bai ma san na zalunce shi ba." Baffa Rifet ya rasu kafin azumi ya zagayo, bai dawo hayyacinsa ba.

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan ya ce ni limaminku na yi wa'azi a kan bindiga. Ƙarfe ba ya girman kai, ƙarfe ba ya rantsuwa. Girman kai ne ya ɗauki magagari, don mutum ya ƙi yarda akwai wanda ya fi shi sani. Da girman kai ya yi ɓarna, sai ya nemi mayafi, kuma bai sami mayafin da ya fi addini rufewa ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, a ɗauki sunna a rufe saɓo da ita, a yabe ka a kan ƙarya ka ji daɗi. Daga nan kuma sai ka wayi gari kana gadin ƙaryar, kana ba ta abin da ba za ka ba uwarka ba.

An koyar da mu cewa wanda zai ratsa masallaci da kibau ya dafe tsininsu da hannu kada su taɓa wani, kuma bai halatta Musulmi ya firgita ɗan uwansa ba ko da wasa. To ina ga wanda ya firgita masallaci guda ranar Idi?

In kana da lasisi, ka je ka koya wurin masu sani, ka riƙe abin da aka ƙera yadda aka ƙera shi, ka cika alkawarin jama'a ko da kana ganin ka fi su dabara. In kuma akwai abin da kake ɓoyewa yau, ko wane iri ne, a aljihu ko a waya ko a zuci, ka faɗe shi tun mutum ɗaya ne ke tambayarka a gefe. Wanda kuma ya san ya zalunci wani, ya tashi ya je yau, kada ya jira gobe. Haƙƙin Allah, Allah mai gafara ne. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe, kuma ba ka da tabbacin za ka same shi yadda ka bar shi.

Allah ya jiƙan Baffa Rifet, ya haɗa shi da ƙannensa a inda babu tsoro. Allah ya dubi hawayen bawan nan nasa, ya biya masa abin da ya kasa biya. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga girman kai da rantsuwar ƙarya da yabon da ba namu ba, ya ba mu ikon cewa ni ne tun kafin a faɗa a madadinmu. Amin.